Shuɗiyar Butar Fadimata

A shekarar da Nasara suka fara yawo da akwatunansu masu ƙara suna neman ma'adini a kan duwatsun Arlit, babu gari a wurin, babu ko inuwar kirki. Tantuna ne shida, da gangunan ruwa, da kamiyo biyu, wato manyan motocin kaya. Ɗaya Aghali ke tuƙa ta, mutumin Agadas mai bakin tsiya. Ɗayar kuwa ta Ghissa ce, ɗan masu garka, wato lambu, daga Iferwan, wanda ya bar rijiyar ubansa ya koyi kwanciya a ƙarƙashin mota.

Wata goma sha huɗu rabon Ghissa da gida. Ya bar matarsa Fadimata da ciki, sai a bakin wani mai raƙumi ya ji ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Mina. Bai san kamannin 'yarsa ba. Yau ya ba ta hancin uwarta, gobe ya karɓe ya ba ta nasa. Abin da ya rage masa na gida a hannu shi ne wata shuɗiyar butar shayi da Fadimata ta cusa masa a jaka ranar tafiya, tana cewa, "Aro na ba ka. Da hannunka za ka maido min da ita." Kullum bayan la'asar yakan ɗora ta a garwashi, kewa ta kama shi.

Ran Litinin shugaban zangon, wani Anasara da suke kira Mai Lofe, ya ce ran Jumma'a za a aika mota ɗaya Iferwan ta ɗauko albasa da dabino da itace, kwana biyu a can. Wadda ta fi lafiya ita za ta je.

Nan gizo ke saƙa. Motar Ghissa tsohuwar motar soja ce da aka ɗora wa injin wata babbar mota a Agadas. Ƙarfi dai kamar na bijimi, amma tun daga ranar take huro baƙin mai ta bututun numfashin injin. Man ya fesu ko'ina, yashi ya bi ya manne, kafin azahar ta shanye lita biyu. Mai Lofe ya sha faɗin cewa mota mai zubar da mai ba ta shiga duwatsu.

"Ka rubuto saƙonka, ɗan'uwa," in ji Aghali yana dariya. "Ni zan ɗauki 'yar taka in gaya mata ubanta baƙi ne wuluk, mai ɗiga."

Ghissa ya koma kan injinsa. Ya san abin da ake bukata: wani ɗan mazubi a bakin bututun, inda mai zai tsaya ya kwanta, iska ta fice ta sama, sannan man ya gangara ya koma kaskonsa na ƙasan inji. Ya gwada gwangwanin madara, girgizar hanya ta tsaga shi tun ba a je ko'ina ba. Ya gwada na sardin, ya yi kaɗan. Talata ta wuce haka, Laraba ta kai la'asar.

Yana cikin tsiyaya shayi ne hannunsa ya tsaya a sama. Jikin buta mai kauri, murfi a bisa, hanci kuma daga can gindi ya fito. Wanda ya ƙera ta kamar da injin nan ya yi shawara. Ghissa ya daɗe yana kallon ta, ransa bai so ba ko kaɗan. Amma ya ce da kansa, ai gida za ta kai shi, can sai ya kwance ta ya wanke da toka ya ba mai ita haƙuri. Ya shanye kofi na uku, ya ɗauraye ta.

Ya cire ɗan ƙullutun murfin ya jefa a aljihu, ramin ya zama mafitar iska. Ya huda gefe, ya shigar da bututun numfashi. Ya cusa dunƙulen siririyar waya a ciki don mai ya sami abin kamawa, ya yanko robar taya ya danne murfin, ya ɗaure butar a jikin inji da ƙarfe. Daga hancinta ya jona tiyo har zuwa kaskon mai. Da ya tayar da mota, sai ga mai yana tsartuwa ta saman murfi, ya wanke masa rawani. Aghali har da faɗuwa ƙasa don dariya.

"Shayin ya nuna! A kawo kofuna!"

Iskar injin ce ke biyo tiyon daga ƙasa tana koro man sama. Ghissa ya zauna a inuwar taya, ya yi tagumi. Can sai rijiyar ubansa ta faɗo masa: gugan fatar nan mai dogon hanci da bijimi ke ja, wanda ake naɗe hancin sama da igiya ta biyu don kada ruwa ya tsere kafin ya iso baki. Ya tashi ya samo bututun jan ƙarfe, ya cika shi da yashi don kada ya karye, ya lanƙwasa shi a gwiwarsa ya yi masa ɗan ciki, ya zazzage yashin. Ya jona, ya ɗura mai a lanƙwasar tukuna. Man da ya kwanta a wurin ya toshe wa iska hanya, na sama kuma yana bi a hankali yana sauka.

Ran Alhamis Mai Lofe da kansa ya shiga gaba, suka yi yini suna hawa da sauka. Da suka dawo ya zare sandar awon mai, ya duba, ya sake dubawa. Ya leƙa ya ga shuɗiyar buta zaune a jikin inji, ya yi dariya har lofensa ya faɗi. Ya dafa kafaɗar Ghissa, abin da bai taɓa yi ba.

Sannan ya ce mota irin wannan ba a ɓata ta a ɗaukar albasa. Dama akwai aikin wata uku a arewa, wajen In Azawa, da ya rasa motar da zai amince wa. Gobe za su tashi. Aghali kuma shi zai je Iferwan.

Ghissa ya buɗe baki, Faransancinsa kaf na sunayen ƙarafa ne, babu kalmar da za ta ɗauki abin da ke ransa. Da hannunsa ya gyara, da hannunsa ya rufe wa kansa hanya.

Da safe motocin biyu suka tsaya gefe da gefe. Yau kam Aghali bai yi tsiyarsa ba. Ghissa ya laluba aljihu ya miƙa masa ƙullutun murfin.

"Ka ba Fadimata. Ka ce sauran na nan tafe." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka dubo min yarinyar da kyau, ɗan'uwa. Hancin nan nata, ka dubo min na wane ne."

Aghali ya yi gabas, Ghissa ya yi arewa. Injin bai zubar da ko ɗigo ba. Da suka tsaya sallar la'asar, Ghissa ya ɗaga murfin mota wai zai duba mai. Ya kai tafin hannunsa jikin butar, ya ji ta da zafinta, kamar yanzu Fadimata ta sauke ta daga wuta. Mai Lofe ya yi ta kiran sa, bai ɗauke hannun ba.