Yadda Gwaggo Tela Ta Rabu da Taba

Gwaggo Tela mace ce da ba a gaya mata magana sau biyu, don ta farkon ma ba ji take yi ba. Tun tana budurwa yayarta ta koya mata cusa garin taba a ƙasan leɓe, wai maganin ciwon haƙori. Haƙorin ya fita, taba ta zauna. A ɗan shagonta na bakin titi, ban da keken ɗinki da tsagaggen madubi, akwai gwangwanin tofar da yawu a ƙarƙashin tebur.

Da wani farin tabo ya fito mata a cikin kumatu ya ƙi warkewa, 'yarta ce ta ja ta asibiti da kuka. Likita ya haska bakin ya daɗe yana dubawa. Dasashi ya zaizaye, haƙoran ƙasa suna girgiɗi.

"Mama, za mu yanke wurin nan mu auna. In kika ci gaba, ciwon daji na iya biyo baya."

"Kakata ta ci taba har ta ga tattaɓa kunne," in ji Gwaggo.

"Allah ya ji ƙanta. Bakinki nake dubawa, ba nata ba."

Ta fito tana tsaki. A gida mijinta ya ji bayani, sai ya tuntsire da dariya.

"Ke ce za ki bar taba? Ai gara a ce kin bar faɗa."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. Ta kwance ƙullin tabar daga bakin zanenta, ta juye a kwata, ta bi shi da ruwa.

"To, zuba ido."

Ta sha wuya. Kai ya riƙa sara mata, zare ya ƙi shiga allura. Ta yanke hannun rigar wata malamar makaranta a gajarce, kuma ita Gwaggon ce ta fara masifa. Kanumfari take taunawa har harshe ya mutu.

Ana cikin haka yayarta ta zo shagon, tsohuwa mai ragowar haƙora jajaye. Ta zauna a benci ta buɗe batta. Ƙamshin ya daki Gwaggo, yawu ya cika mata baki.

"Ɗan kaɗan, ƙanwata. Dubi yadda kika rame."

"Yaya, ke kika sa min ta farko a baki, ban musa ba don kin girme ni. Yau ma kin girme ni, amma rufe abin nan ko ki fita."

"Likita ya fi ni ke nan?"

"A wannan dai ya fi ki."

Tsohuwa ta fice tana mita. Gwaggo ta taka keke da ƙarfi, hawaye na ɗiga a kan yadin mutane.

Sakamako ya nuna tabon bai zama daji ba, saura ƙiris. An yanke shi, an cire haƙora biyu, maganarta ta koma da ɗan fito. Ɗinkin bakin bai gama warkewa ba ta ɗauki jakar aikinta sai gidan yayar.

"Ɗauko mayafi, Yaya, asibiti za mu."

"Ba inda za ni."

Gwaggo ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafa ta tare hanya, ta fito da allura da riga.

"Ni ma ba sauri nake ba. Ki sa a dafa abincin rana da ni."