Gonar da Aka Tasa daga Barci

Merle Tjaden irin mutanen nan ne da ba sa iya jiran tuwo ya huce. Da aka gama girbin masara a kaka, kara ya kwanta a gonarsa jibge, ya kuma san in bai ruɓe ba kafin lokacin shuka injinsa zai yi ta shaƙewa. Sai ya ɗaura tankin takin ruwa a bayan tarakta, ya shiga yi wa karan feshi.

Maƙwabcinsa, tsoho Harm, ya jingina da shinge yana kallo.

"Merle, wa kake ciyarwa a wannan sanyin? Ƙwayoyin halittar cikin ƙasa da ke cin kara sun yi barci. Ubanka bai taɓa tashin ƙasa ba in ta kwanta."

"Ubana da doki ya yi noma, Baba Harm."

"A gadonsa kuma ya mutu, lafiya lau."

Merle ya ja tsaki, don haushi ma ya ƙara zagaye na biyu.

Dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe gonakin yankin fari fat, ban da tasa. Tasa baƙa ƙirin, tana huci kamar tukunya. Karan ya narke, ko ɓawo bai rage ba. Merle ya cika wa kowa kunne a shagon shan kofi.

Sai turakun shinge suka fara faɗuwa, gindinsu ya zama gari. Ƙofar gona ta bi su, sannan itacen tuffa na matarsa Arlys. Baƙar ƙasar na matsowa wajen gida, ƙanƙara na ja da baya a gabanta, gidansu kuwa na katako ne tun daga tushe har rufi, kakansa ya gina shi. A nan tsoro ya kama Merle. Ya yi ta jibga mata dammunan ciyawa a bakin iyaka ko za ta ƙoshi, ta lamushe.

"Baba Harm, yaya zan yi?"

"Ni ban taɓa tashinta ba, yaro, ina zan san abin da ke kwantar da ita?"

Ranar Lahadi da hantsi Arlys ta kira shi daga kicin, muryarta a sanyaye.

"Merle, zo ka ɗauke ni. Taka a hankali."

Ya leƙa. Ɗakin na ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Tana tsaye gaban murhu da cokali a hannu, katakon daɓen ya yi laushi, ta nutse har idon sawu.

"Akwai ɗumi," in ji ta. "Amma na daina jin yatsuna."