Gonar Barau da Aka Raba Biyu

Shekarar da gwamnati ta cika ƙasa da takin zamani, har direbobi suna satar hanya da shi zuwa Maraɗi, ita ce shekarar da Shawulu ya dawo Magama daga makarantar tauhidi, da takardar shaida da bakin da ba ya mutuwa. Kusan kullum sai ya hau keke ya je bakin iyakar Jibiya wurin Ummaru, abokinsa tun firamare, malamin gona da aka ajiye a rumfar kwano yana duba hatsi da irin shuka masu ƙetarawa. Can suke musu, manyan motoci suna busa musu hayaƙi.

Musun ɗaya ne kullum. Shawulu ya kafe cewa tauhidi kimiyya ne, kai, uwar kimiyya ma.

Ummaru ya ce, "Ni in na ce irin ga ya hi wancan, shukawa nike in auna. Ni ma ina da addinina, amma ban taɓa aza shi bisa sikeli ba. Kai mi kake aunawa?"

Maganar ta soki Shawulu. Mai hankali da sai ya yi dariya ya sha shayinsa. Shi kuwa sai ya tuna da mahaifinsa.

Tsoho Barau bai taɓa barin addinin kakanni ba. Kowace shekara kafin shuka yakan yanka jan zakara a gindin jigo, wani itace da kakansa ya kafa a tsakar gida. Shekara goma Shawulu yana roƙonsa ya shigo coci, tsohon yana cewa sai wani jiƙon. Sai Shawulu ya kawo shawara: a raba gona biyu, gabas da zakara, yamma da addu'a, gero iri ɗaya, a ƙirga damma da kaka, Ummaru ya zama shaida. Barau ya ce ya yarda. Shi ba wasa ya ɗauki abin ba.

Gero ya tsiro, kuma abin haushi, gabas da yamma kamar an auna da tsinke. Shawulu ya ƙara addu'a, bai ga canji ba. Tsoro ya kama shi, ba na Allah ba, na dariyar Ummaru. Wata Lahadi, bayan ya gama wa'azi a kan gaskiya, tsohon ya tafi kasuwar Jibiya, shi kuwa ya ɗauko rabin buhun taki da ya roƙa wurin wani direba, ya bi yamma gindi-gindi yana turbuɗewa. Ya gaya wa kansa cewa ai takin ma Allah ne ya yi shi.

Da Ummaru ya zo duba gona ya ga ganyen yamma ya yi kore shar, sai ya durƙusa ya murza ƙasa a yatsunsa, ya dubi abokinsa, ya kakkaɓe hannu ya tafi. Daga ranar Shawulu ya rage zuwa rumfa. Da kaka, gabas ta ba da dami sha tara, yamma talatin da ɗaya.

Bayan kwana uku dole ta kai Shawulu rumfar Ummaru a bakin iyaka, sai ga mahaifinsa ya iso a ƙasa da hantsi, riga duk toka. Barau ya gaida Ummaru, ya zauna a kan benci yana haki.

Ya ce, "Malam Ummaru, na zo in hwaɗa maka da bakina, tunda kai ne shaida. Na tuge jigo na ƙone yau da sahe. Lahadi in bi yaron ga coci. Amma kai ke da awo. Abin da na gani, haka yake ko?"

Ummaru ya sunkuyar da kai yana juya gero a faranti. "Baba, tambayi ɗanka. Shi ke da kimiyyar."

Shawulu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Abin da ya shekara goma yana roƙo ga shi an kawo masa har inda yake, kuma kalma ɗaya ta isa ya riƙe shi. Ya dubi tokar da ke hannun tsohon.

"Baba, taki na zuba."

"Wane taki?"

"Na gwamnati. Ranar da ka tahi kasuwa."

Barau bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya daɗe yana kallon wata mota da ake ɗaure wa tamfol, sannan ya goge tafinsa a gwiwa.

Ya ce, "Ni na aza Allahnka ne ya yi mani magana. Shekara saba'in ina yanka, ba wanda ya taɓa amsa mani sarai haka. Na ji daɗi, Shawulu."

Ya miƙe. Shawulu ya jawo keke ya ce ya hau ya kai shi gida, tsohon ya girgiza kai ya kama hanyar Magama. Shawulu ya bi shi yana tura keken, taku goma a bayansa, bai iya matsowa ba, bai kuma iya wuce shi ba.