Gwiwata da Kabarin Odile

Saura kwana tara ranar Dukan Tsarkaka, gwiwata ta dama ta kumbura, ta yi zafi kamar tukunya a kan murhu. A garinmu na bakin kogin Teche, kowa yakan shafe kaburburan 'yan gidansa da farar ƙasa kafin wannan rana. Shekara shida ina shafe na matata Odile a durƙushe, don ba ta son aikin da aka yi a tsaye.

Abokina Alcee ya leƙo, ya dubi ƙafar.

"Gawut ne, ciwon gaɓɓan masu kwaɗayi, Ovide, tsohon makwaɗaici," in ji shi. "Ka ƙarar da jatan landen kogin nan. Ungo ƙwayoyina."

Na bar giya, na bar jatan lande, na sha ƙwayoyinsa kwana biyar. Ko takalmi ban iya sunkuyawa in ɗaura ba.

A asibiti Likita Fontenot ta soka allura, ta zuƙo wani ruwa rawaya gurɓatacce. Na roƙe ta in gani, sai ta kai ni ga madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Wasu 'yan duwatsu na gani masu kusurwa huɗu, suna ƙyalli shuɗi-shuɗi, kamar tagogin gidaje daga nesa.

"Na gawut sirara ne kamar allura," ta ce. "Naka ɗan'uwansa ne, tsufa ke kawo shi. Ba ruwan jatan lande. Ka mayar wa Alcee ƙwayoyinsa, Kawu, ba za su yi maka komai ba."

"Da me aka yi su?"

"Da sinadarin da ke cikin ƙashi. Akwai shi ma a farar ƙasa."

Na daɗe ina kallo. Ashe abin da nake shafa wa Odile ina ɗauke da danginsa a gwiwa.

Ta yi mini allurar kashe kumburi, ta ce in riƙa ɗora ƙanƙara, kada in durƙusa sai bayan kwana uku.

Ana gobe ranar, Alcee ya ɗauko mini bokitin farar ƙasa, ya raka ni maƙabarta.

"In ka kasa tashi, nan zan bar ka," ya ce.

Na sa matashin Odile a ƙasa, na sauka a hankali. Gwiwar ta yarda. Na fara daga wajen sunanta, ina ba ta labarin tagogin nan shuɗaye. Da tana nan, da ta ce in yi shiru in kula da gefen da na tsallake.