Gitar Lurwanu Mai Yatsa Ɗaya

Lurwanu ya dawo daga sallar la'asar ya tarar da gitarsa a cinyar Dogo, shugaban ƙungiyarsu ta kiɗa. Dogo ya kara salula mai gwada sauti kusa da tsirkiyoyin, yana murɗa kunnuwan gitar ɗaya bayan ɗaya.

"Na gyara maka ita," in ji Dogo yana fara'a. "Tsirkiya ukku duk sun sauka, kai ko ba ka ji ba?"

Ba sauka suka yi ba, Lurwanu ne ya sauke su da hannunsa. Tun damina, da amalanke ya kife da shi a hanyar Gidan Sori, yatsu biyu na hannunsa na hagu suka daina lanƙwasuwa. Gita kuwa, yadda kowa ke ɗaure ta, sai ka tanƙwara yatsu uku ko huɗu kafin ta ba ka murya guda mai daɗi. Sati biyu ya yi a ɗaka yana sassauta wannan, yana ƙara waccan, har ya samo ɗaurin da ko ba ka danna komai ba tsirkiyoyin shida sun jitu. Daga nan yatsa ɗaya ya isa: ka kwantar da shi a wuyan gitar, ka yi sama, ka yi ƙasa. Bai gaya wa kowa ba, don Nasiru, ɗan ƙungiyarsu mai yatsu goma lafiyayyu, ya daɗe yana harin gurbinsa.

Yanzu ga matan Cadakori sun cika rumfa, dangin amarya sun fito fili suna jira, mai ganga har ya soma. In Lurwanu ya kaɗa gitar a haka, abin da zai fito ko jaki ba zai saurara ba. In ya tsaya sake ɗauri, Dogo zai tambayi dalili. Tsoro ya kama shi sosai.

Ya matsa kusa, ya miƙa hannun.

"Yaya Dogo, duba."

Dogo ya taɓa yatsun biyu, ya ji su sandare kamar karan gero. Fara'ar ta gushe.

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

"Wata huɗu ke nan kana kaɗa muna da yatsa guda, ba wanda ya gane?"

Lurwanu ya sunkuyar da kai. Dogo ya waiwaya ya dubi Nasiru, wanda ke jingine da babur yana kallonsu, sannan ya tura wa Lurwanu gitar a ƙirji.

"To, maida ta yadda ka ɓata ta. Amma gobe ka iske ni gida, da magana."

Lurwanu ya zauna a kan benci ya kama kunnen tsirkiya ta shida. Minti biyu sun ishe shi, amma ya dinga murɗawa a hankali, mata na guna-guni bai kula ba. Muddin bai gama ba, shi ne dai mai gitar ƙungiyar.