Garin da Auta Take Yankawa

Tun da Baba ya sayar da tasinsa ba shi da aikin da ya wuce sa ido. Likita ya ce idon hagu ya yi rauni, a haƙura da tuƙi, amma wallahi na daman ya ishi unguwa guda. Ya san lokacin da motar shara take wucewa, ya san maƙwabcin da ke satar ajiye babur a bakin ƙofarsu, ya kuma lura cewa 'yarsa Auta ta fara rufe ɗakinta.

Auta ita kaɗai ta rage masa a gida. Uwarsu ta rasu, yayyenta duk sun watse, kowa da garin da aiki ko aure ya kai shi, sai dai a ji murya a waya. Ita tana ba da magani ne a wani babban kanti mai rassa da yawa. Da yamma ta dawo ta dafa musu shayi, ta ɗiga masa maganin ido tana yi masa tsiyar wai yana ƙifce-ƙifce kamar yaron goye. Abu ɗaya Baba yake tsoro a duniyar nan, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba: ranar da ita ma za ta ɗauki jaka ta bar shi.

To, sai ga wannan rufe ƙofa. Ta dawo aiki, ta ci abinci a tsaitsaye, ta shige. Ba waya take yi ba, don ya kasa kunne. Wani ɗan sauti kawai yake ji, ƙyas, ƙyas, kamar ɓera na cin kwali. Da safe kuma kwandon shara cike da gutsattsarin farar takarda ƙanana, wasu masu kusurwa huɗu, wasu uku. Ga filasta a yatsanta.

"Me ya yanke ki?" ya tambaye ta.

"Wuƙa ce, Baba."

"Wuƙar kicin?"

"Wuƙa dai," ta ce, ta yi dariya ta ɗauki jakarta.

Dariyar nan ba ta yi masa ba ko kaɗan. Irinta yayarta ta riƙa yi kafin a wayi gari ta ce ta sami aiki a wata uwa duniya.

Tana fita ya ce wa kansa abin yanke farce yake nema, alhali yana cikin aljihunsa. Ya tura ƙofar. A kan tebur, ƙarƙashin tawul, ya sami wata babbar takarda mai kauri an manne gefunanta a kan faifan roba kore. Kusa da ita akwai rula ta ƙarfe da wata 'yar wuƙa mai kama da biro. An zane takardar da fensir, layi a kan layi, rabinta an riga an yanke. Gidaje ake cirewa a bar tituna, sai abin ya zama kamar raga. Taswirar gari ce, ba sai an gaya masa ba.

Nan fa aka zo fagensa. Mutumin da 'yan tasha suke kira Ba Ɓata, wanda sababbin direbobi suke tsayar da shi a hanya su tambaye shi lungu? Ya gyara tabarau ya duƙa. Ga kogi ya ratsa gari, ga gadoji, ga layin dogo, ga shataletale. Ba suna ko ɗaya a jiki. Da farko zuciyarsa ta ce garinsu ne, amma ina. A garinsu, in ka fito daga tashar jirgi ka fuskanci gada, kogin hagu yake lanƙwasawa, babbar kasuwa tana dama. A nan kogin dama ya yi, filin da ya yi kama da kasuwa yana hagu. Ya zagaya teburin ya duba ta sama, ya duba ta gefe, bai hau ba.

"Wannan ba garinmu ba ne," ya faɗa a fili, shi kaɗai a ɗaki.

Kama kam akwai, amma ai duk garin da ke bakin kogi yana ɗan kama da ɗan'uwansa. Mutum ba ya yanka yatsunsa a kan garin da ba ruwansa da shi. Ko dai akwai wanda za a kai wa taswirar a can, ko kuwa ita ce take haddace titunan da za ta bi. Ya mayar da tawul ɗin yadda ya same shi, ya fito ya ja ƙofar.

Daga ranar komai ya zama shaida a wurinsa. Ta sayi sabon takalmi, na tafiya ne. Ta wanke labule, sallama take yi da gidan. Yayanta ya kira ta sun daɗe suna hira, to shi ne mai zuga ta, dama tun yana yaro haka yake, munafukin banza. Da shayin yamma Baba ya riƙa jefa ƙugiya.

"Ke kuwa garin nan bai ishe ki ba?"

"Wani lokaci yakan ishe ni. Cunkoso ya yi yawa."

"Uhm," in ji Baba, ya ajiye wannan ma a ransa.

Ya tambaye ta kai tsaye mana? Haba, Ba Ɓata ne zai tsaya gaban 'yar cikinsa ya ce na shiga ɗakinki ina bincike? Ya gwammace ya bi ta bayan gida. Ranar hutunta, tana ɗaki tana ƙyas-ƙyas ɗinta, ya sa rigarsa ta fita ya hau bas zuwa kantin.

Manajan saurayi ne mai fara'a, ya ba shi kujera a ɗan ofishinsa da ke bayan kantocin magani, ya gaishe shi da ladabi. Baba ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

"Ku ne za ku tura min yarinya wani gari?"

Manaja ya ɗaga gira. "Ta ce tana son tafiya ne, Baba?"

"Ba ta faɗa ba. Amma tana nazarin wani gari mai kogi, har taswirarsa take haɗawa a ɗaki."

"Mai kogi? Ikon Allah." Ya jingina da kujera yana kallon Baba. "To ku fa? Mu nan kowa ya san saboda ku ne ba ta ko kwana a waje."

Wannan maganar ce ta soki Baba. Wato har a kantin magani an san shi ne kayan da aka ɗaura wa yarinya a ƙafa? Girman kai ya taso masa har wuya.

"Ni? Ni ba na riƙe yaro. Duk yayyenta da hannuna na kai su tasha. Ina da ƙafata, ina da hankalina. So nake kawai in san abin da ake ciki."

"Shi ke nan, Baba, ku bar min wannan," in ji manaja, har bakin titi ya rako shi.

Baba ya dawo gida yana ganin ya yi dabara. Ya tabbata yanzu an sa mata ido a can ma.

Ba a daɗe ba, wata rana Auta ta dawo tun rana ba ta yi sanyi ba, rungume da wani abu mai faɗi a naɗe cikin takarda. Fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta ɗora masa a cinya ta ce ya buɗe.

Firam ne mai gilashi. A ciki farar raga ce a kan shuɗi mai duhu, siraran tituna kamar zare. Kallo ɗaya ya yi mata. Ga tashar jirgi, ga gada, kogi ya lanƙwasa hagu, kasuwa a dama. Ga hawan nan da ke cinye wa direba kulocin mota, ga lungun bayan asibiti da ba wanda ya san yana ɓullewa sai shi.

"Naka ne," ta ce. "Tun da ka bar tuƙi kake zaune kamar an kore ka daga garin. Na ce bari in kawo maka shi ɗaki."

Bakinsa ya riga hankalinsa. "To wancan fa? Na kan teburinki?"

"Ashe dai ka shiga." Ta zauna a hannun kujera. "Shi ne wannan, Baba. A juye ake zanawa, ta baya, a yanka ta baya, don kada fensir ya ɓata fuskar. In an gama sai a kife shi. Bayan garinka ka gani."

Kunya ta rufe shi, sai kuma wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, har ya fashe da dariya. Shi Ba Ɓata, ya ɓace a kan tebur. Ya ce kada ta kuskura 'yan tasha su ji. Yana cikin share ƙwallar dariya ya lura shi kaɗai yake yi.

"Manaja ya kira ni yau," ta ce. "Suna buɗe sabon reshe a wani gari a bakin kogi, suna neman wanda zai riƙe shi. Ya ce a da ko sunana ba su kawo ba, don sun ɗauka ba zan bar ka ba. Sai ga shi ka je da ƙafarka ka ce ina nazarin tafiya, kai kuma ba ka riƙe yaro."

"To ai sai ki ce musu kuskure ne. Ki ce tsohon ne ya rikice."

"Na buɗe baki zan faɗa, Baba." Ta dubi yatsunta. "Wallahi ban taɓa tunanin tafiya ba sai da ya faɗa. Da ya faɗa kuma, sai na ji ina so. Na ce su ba ni lokaci in yi shawara da kai."

Baba ya ƙanƙame firam ɗin da hannu biyu. Yana so ya ce kada ki tafi, ba wanda ya rage min sai ke. Amma maganar da ya yi a ofishin nan ta tare masa hanya, ita kuma tana zaune tana jira ta ji ko zai janye ta.

"Garin da nisa?" ya tambaya.

"Da nisa, Baba."