Tukunyar Aro

Rabi'atu ta ƙi zama a kujerar da aka nuna mata a ofishin masu binciken tarihi. Tun daga Aujara ta taho Dutse da maganarta a baki, kuma a tsaye ta faɗe ta: ta zo karɓar tukunyar maƙwabciyarta, Inna Halimatu.

Malam Abdulbaƙi ya gane ta. Shi ya kawo masu tonon kufai bayan garinsu da rani, suna tsintar tsingaron tukwanen mutanen da. Ya ce yumɓu yana shanye maiƙon duk abin da aka dafa a cikinsa, su kuma suna da na'urar da take fito da shi, a san abin da kakanni suka ci. Da ya ji akwai tsohuwa mai tukunyar da ta gada tun daga kakar kakarta, wadda sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, har tsakar gida ya zo ya durƙusa. Wai zai gwada ta da na kufai.

Ranar Inna dariya ta yi. Ta ce in abin da aka ci ne ga ta zaune, a tambaye ta: gero, kuka, daddawa, man shanu in Fulani sun sauka kusa. Ba wanda ya rubuta. Ta dai ba da aro na kwana bakwai, ta dangwala yatsa a takarda.

Yau wata huɗu ke nan. Ciwo ya kwantar da Inna. Duk abin da Rabi'atu ta dafa ta kai mata, sai ta ɗanɗana ta kau da kai, ta ce ƙarfe take ji. Miyar tukunyarta take so. Yau kwana biyar ruwa kaɗai ke shiga cikinta.

"Hajiya, ai samfur ce, ta gwaji," in ji malamin.

"Ban je Makka ba, kada ka ɗora mini. Aro ta ba ka. Ina wurin."

Ya ce a takardar samfur aka rubuta, shi kuwa samfur dole a yanka a niƙa. Aka fito da tukunyar a kwali. An shafa mata lamba da farin fenti, a gindinta kuma ga rami mai kusurwa huɗu, faɗin yatsa uku.

"A gidanku haka ake mayar da aro?"

Ya sunkuyar da kai, ya miƙo mata takardar sakamako. Ta ce ita ba ta yi boko ba, ya karanta da bakinsa. Ya karanta: hatsi irin su gero, ganye, maiƙon nono.

"Wata huɗu, da huda tukunya, don ku gano abin da ta faɗa muku tana tankaɗe."

Ya ce ilimi sai da hujja. Ta tambaye shi ko Inna ba ta zama hujja ba ne don ba a shafa mata lamba ba. Ta kunce mayafinta ta naɗe tukunyar, ta bar masa kwalinsa da takardarsa.

A cinya ta riƙe ta cikin bas, ta kusa faɗa da kwandasta da ya ce a sa a but.

Bayan la'asar ta iso. Inna ba ta buɗe ido ba, hannu ta miƙo ta shafa bakin tukunyar, ta bi cikinta har yatsanta ya faɗa ramin. Ya daɗe a nan.

"Sun samu abin da suke nema?"

"Sun samu, Inna. Abin da kika ce ne."

"To, ɗora mini."

Rabi'atu ta toshe ramin da tsingaro, ta liƙe da yumɓu, ta gasa shi sama-sama don ba lokacin jira. Ta zuba ruwa, ta jefa daddawa, ta kaɗa kuka. Da ƙamshi ya fara tashi ta leƙa ɗaki ta ce saura kaɗan. Ashe rai ya yi halinsa.

Ita ta rufe mata ido, ta ja zane ta lulluɓe ta. Da ta fito don ta sanar da maza, ta tarar liƙin ya saki. Miyar ta tsiyaye ta kashe wutar, sai ɗan tururi ke tashi daga toka, tukunyar na zaune a kan duwatsun murhu.